Neman tarihin mutumin da bai yi suna ba ko zanen da ba a san mai shi ba: intanet, ma'adanar takardu, ko ɗaukar ƙwararre?

Mai neman labarin sarki ko shugaban ƙasa ba shi da matsala, littattafai sun cika da su. Wahala tana kan wanda ya riƙe suna guda ɗaya tak da ya gani a ƙasan wani tsohon zane, ko a bayan hoto, ko a layi ɗaya na tsohuwar jarida, ya rubuta shi a Google bai ga komai ba. A nan mutum kan tsaya yana waswasi: in ci gaba da tono a intanet, in biya kuɗin shiga manyan rumbunan bayanai, in niƙi gari in tafi inda takardun suke, ko kuwa in ɗauki wanda sana'arsa ke nan?

Kafin a auna hanyoyin, akwai abin da ya kamata ya zauna a zuciya. Mutumin da bai yi suna ba, babu wanda ya zauna ya rubuta tarihinsa. Sunansa yana shiga takarda ne saboda buƙatar wani: mai ƙidayar jama'a, mai karɓar haraji, magatakardan kotu, akawun jirgin ruwa, mai rabon gado. Zane ma haka yake, yakan bayyana ne a ranar da aka sayar da shi, aka baje shi, aka yi masa inshora ko aka gada. Saboda haka tambayar da ke zaɓa maka hanya ita ce: wa ke da dalilin rubuta wannan suna, kuma ina takardunsa suka ƙare?

Ma'aunai biyar

Kuɗi: kuɗin shiga, na tafiya, na masauki, na kwafi, da lokacin da za ka ɓatar. Sauƙi: me ake bukata daga gare ka, harshe ne, iya karanta tsohon rubutun hannu ne, ko katin shaida? Zurfi: har ina hanyar take iya kai ka? Ƙarko: abin da ka samu yau, za ka sake samunsa bayan shekara goma, kuma wani zai iya bin sawunka ya tabbatar? Haɗari: ɗaukar wani mutum a matsayin wani, faɗawa hannun masu jabu, ko asarar kuɗi a banza.

A ganina zurfi da haɗari sun fi sauran nauyi. Yawancin masu fara wannan bincike kuɗi da sauƙi kawai suke dubawa, shi ya sa suke makalewa a hanya ta farko.

1. Rumbunan intanet na kyauta

Abin da ake samu kyauta yanzu ya wuce yadda mutane da yawa suke zato, sai dai ba a shafin farko na Google yake ba. Internet Archive, wanda aka kafa a 1996, da HathiTrust da Google Books suna ba ka damar neman kalma a cikin miliyoyin tsofaffin littattafai. Gallica na Babban Ɗakin Karatu na Faransa yana aiki tun 1997. Chronicling America yana da jaridun Amurka har zuwa 1963, Trove kuma yana da na Ostireliya. FamilySearch yana da rajistar haihuwa, aure, mutuwa da ƙidaya na ƙasashe masu yawa, buɗe asusu kawai yake bukata. Shirin ceto takardun da ke fuskantar halaka na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ya ɗauki hotunan rubuce-rubucen hannu daga Afirka, Asiya da Kudancin Amurka, irin waɗanda ba za ka taɓa gani a kantin littattafai ba.

Ta fannin zane, cibiyar RKD da ke birnin Hague a Holan tana da kundin sunayen masu zane, har da waɗanda ba a san su ba sai a baje koli ɗaya ko biyu. Cibiyar Getty da ke Los Angeles tana da kundi biyu masu amfani: ɗaya na sunayen masu fasaha da duk salon da aka rubuta sunan kowannensu, ɗaya kuma na tsofaffin takardun gwanjo da littattafan dillalai. In ka ga wani ɗan ƙaramin hatimi a kusurwar zanen takarda, kundin hatiman masu tara zane da Frits Lugt ya fara wallafawa a 1921 yana intanet kyauta. Google Lens da TinEye kuma suna nemo hoto ta hanyar hoto.

Wani lokaci wannan kaɗai ya isa. Wani iyali sun daɗe da zanen hoton mahaifiyarsu a bango ba su san darajarsa ba, sai da ɗaya daga cikinsu ya nemi sa hannun da ke jiki a intanet. Ashe aikin Ben Enwonwu ne na 1971, kuma a 2019 aka sayar da shi a gidan gwanjo na Sotheby's ta Landan a kan fam miliyan 1.1. Amma a lura: Enwonwu sanannen mai zane ne. Da a ce mai sa hannun bai taɓa shiga jarida ba, da binciken ya tsaya a nan.

Raunin wannan hanya kala uku ne. Na farko, na'ura ce ke karanta tsofaffin shafuka ta mai da su rubutun da ake iya nema, kuma tana yawan tuntuɓe: tawada ta dushe, takarda ta naɗe, sai harafi ɗaya ya canza, sunan yana nan a shafin amma bincike ba ya kawo shi. Maganinsa shi ne ka nemi sunan da kowane salo, ka haɗa da sana'a ko titi ko shekara. Sunayen da aka ɗauko daga Larabci ko wani harshe zuwa boko sun fi shan wannan wahala, domin kowane magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji. Na biyu, dokar haƙƙin mallaka. A Amurka littafi kan ɗauki shekara 95 kafin ya zama na kowa, saboda haka ya fi sauƙi ka sami mutumin 1880 a kan mutumin 1960. Na uku kuma shi ne kwafe-kwafe: wani ya yi kuskuren shekarar haihuwa, shafi ashirin suka kwafa, sai ka ɗauka shaidu ashirin ne alhali shaida ɗaya ce, ita ma gurguwa.

Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa wajen fassara da karanta rubutu mai wuya. Game da mutumin da bai yi suna ba kuwa, suna iya ƙirƙiro maka littafin da babu shi, da sunan marubuci da lambar shafi. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in ƙarya da suka samo ta wannan hanya. Duk madogarar da manhaja ta ba ka, sai ka ganta da idonka.

Ƙarko ma ba tabbas. Kutsen da aka yi wa Ɗakin Karatu na Birtaniya a Oktoban 2023 ya rufe kundinsa na watanni, Internet Archive shi ma ya tsaya na kwanaki a Oktoban 2024. Abin da ka samu, sauke shi a take, ka rubuta sunan takardar, shekara da shafi. Adireshin intanet kaɗai ba ya riƙe hujja.

2. Rumbunan biyan kuɗi

Ancestry da Findmypast na takardun iyali ne, Newspapers.com da British Newspaper Archive na jaridu, JSTOR na mujallun ilimi, Artnet da Artprice kuma na sakamakon gwanjo. Abin da kuɗinka yake saya shi ne fihirisa: an riga an zauna an fitar da sunaye daga takardun, sai ka nema kawai. Akwai kuma takardun da aka fara sakinsu a nan kaɗai, kamar ƙidayar Ingila da Wales ta 1921, wadda ta fito a Findmypast a Janairun 2022.

Kafin ka biya, duba abu biyu. Shin rumbun yana da takardun ƙasar da shekarun da kake nema? Kusan dukkansu sun karkata ga Turai da Arewacin Amurka, kuma kundin farashin Artnet daga tsakiyar shekarun 1980 ya fara. Zanen da aka sayar sau ɗaya a 1930 ba zai fito ba ko nawa ka biya. Jerin abin da suke da shi a buɗe yake ga kowa, karanta shi tukuna. Abu na biyu, ko akwai ƙofar kyauta? JSTOR yana barin mai asusu ya karanta maƙala 100 a wata ba tare da biya ba. Ɗakunan karatu na jami'o'i da na manyan birane sukan biya wa masu zuwa wurinsu. Masu gyara Wikipedia da suka kai wata shida da gyara 500 suna samun shiga rumbuna da dama kyauta.

Haɗarin kuɗi a nan shi ne rajistar da ke sabunta kanta duk wata. Dabarar da ta fi ita ce ka tara tambayoyinka a takarda, ka biya wata ɗaya, ka yi aiki tuƙuru, ka sauke komai, ka soke. Haɗarin ilimi kuwa ya fi wannan muni: bishiyoyin nasaba da sauran masu amfani suka haɗa. Manhajar za ta nuna maka mutum mai suna iri ɗaya ta ce wataƙila shi ne, da dannawa ɗaya sai ka haɗa naka da ɗan wani gida.

3. Ma'adanar takardu: zuwa da kai ko aika wasiƙa

A nan ainihin kayan suke. Ma'adanar takardun ƙasa ta Amurka tana riƙe da shafuka sama da biliyan 13, kuma abin da ta ɗora a intanet bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Ƙananan ma'adanu na larduna, kotuna, majami'u, masallatai, makarantu da kamfanoni sun fi haka nisa da intanet, kuma su ne suka fi riƙe sunayen ƙananan mutane.

Shiga ɗakin karatun yawanci ba ya da tsada. A Kew, inda ma'adanar ƙasa ta Birtaniya take, katin mai karatu kyauta ne in ka kawo shaidar kanka da ta adireshi. Tafiya da masauki ne ke cin kuɗi. Aikin kuma yana son haƙuri: ka bar jaka da biro a akwatin ajiya, fensir kawai ake shiga da shi, ka cike lambar fayil, ka jira a kawo kwali, ka buɗe igiya, ka bi shafi bayan shafi na rubutun hannun akawun da ya mutu shekara ɗari da ta wuce. Kundin ma'adana ba ya lissafa kowane suna, fayil yake lissafawa. Sai ka yi tunanin ofishin da mutuminka ya ratsa, sannan ka nemi fayil ɗin wannan ofishi. Ladan shi ne abin da ba ka zo nema ba: wasiƙar da aka maƙala a bayan takarda, sa hannun shaida, adireshin da aka rubuta a gefe.

Ga mai zane a hannu, ma'adana ta farko ita ce bayan zanen. Juya shi ka duba da fitila: takardar da dillali ya liƙa, lambar alli, hatimin kwastan, tambarin wanda ya sayar da yadin zanen, baƙaƙen haruffa da lambobi da aka buga a katako. Christie's, wanda ke gwanjo tun 1766, ya daɗe yana buga irin wannan lamba a bayan kayan da suka shigo hannunsa, kuma lambar tana iya kai ka ga littafin da aka rubuta wanda ya kawo kayan. Kada ka ɓare ko ɗaya, kada ka goge, ɗauki hoto kawai. Da waɗannan ake gina silsilar mallaka, wadda take wa zane aikin da isnadi ke yi wa hadisi: wane daga wane, har a kai ga hannun da ya zana.

Rabin wannan hanya da aka fi rainawa shi ne wasiƙa. Ma'aikatan ma'adanu da na gidajen adana kayan tarihi suna amsa tambaya, da yawa kuma suna ɗaukar hoton shafi su aiko a kan kuɗi kaɗan. Sharaɗin shi ne tambayar ta zama gajera kuma tsayayya: ga suna, ga shekarun da nake zato, ga inda na riga na duba, ga abu ɗaya da nake son sani. Wanda ya rubuta a aiko masa da duk abin da ake da shi game da wane, da wuya ya ji amsa. Ni dai ina ganin wasiƙa biyar masu kyau sun fi wata uku na kwana a gaban kwamfuta.

Iyakar wannan hanya ita ce abin da wuta ta ci da abin da doka ta rufe. Ƙidayar Amurka ta 1890 ta halaka sakamakon gobarar 1921. Ma'adanar Ireland ta ƙone a 1922. Ƙidayar Ingila ta 1931 ta ƙone a 1942, kuma ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi. Gobarar St. Louis ta 1973 ta ci fayilolin sojojin Amurka tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Ta ɓangaren doka kuma, Amurka tana rufe bayanan ƙidaya shekara 72, Birtaniya shekara 100. Tambaya kafin ka sayi tikiti.

Ko takardar ma'adana ba ta fi ƙarfin mayaudari ba. John Drewe ya sami shiga ma'adanar gidan zane-zane na Tate da ɗakin karatun gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, ya riƙa cusa takardun ƙarya don zanen jabu da John Myatt yake yi masa su sami tarihi. An ɗaure shi a 1999. Shi ya sa masu bincike ke neman hujja biyu daga wurare biyu da ba su san juna ba.

4. Ɗaukar ƙwararre

Ita ce mafi tsada a kowace awa, amma takan zama mafi araha in takardun suna wata ƙasa, ko da harshen da ba ka ji. Ƙwararre ya san wace rajista ce ta tsira, ya san rubutun akawun wurin, ya san wanda zai tambaya.

Akwai wani zane na wajen 1837 da ake dangantawa ga Jacques Amans, mai ɗauke da 'ya'yan wani attajirin New Orleans. Ban da su uku, akwai yaro na huɗu a ciki, bawa, wanda daga baya aka shafe da fenti. Zanen ya yi shekaru a ɗakin ajiyar gidan tarihi, aka sayar da shi a 2005, aka wanke fentin, yaron ya bayyana ba tare da suna ba. Bayan wani mai tara zane-zane, Jeremy Simien, ya saye shi a 2021, masaniyar tarihi Katy Morlas Shannon ta bi takardun ciniki da na dukiya na Louisiana ta gano sunansa Bélizaire. Gidan tarihi na Metropolitan a New York ya karɓi zanen a 2023. Sunan yaron yana cikin takardun waɗanda suka saye shi suka sayar, kuma sai wanda ya san waɗannan takardu ne zai san inda zai duba.

Ku yi yarjejeniya a rubuce: awa nawa, wace tambaya, kuma rahoto zai zo da hoton kowace takarda da lambarta, har da wuraren da aka duba ba a sami komai ba. Aiki kake biya, ba sakamako ba, kuma wanda ya yi maka alkawarin sakamako ka guje shi. Ƙungiyoyin ƙwararrun masu binciken nasaba irin su AGRA a Ingila da APG a Amurka suna da jerin mambobi da ƙa'idar aiki. Ta fannin zane, kada wanda zai tabbatar maka da ingancinsa ya zama mai riba in an sayar. In kuɗin da ke ciki yana da yawa, a haɗa da gwajin ɗakin bincike. Mai zanen jabu Wolfgang Beltracchi ya yaudari masana shekaru da dama, har da hotunan bogi na matarsa a shigar kakarta don a ɗauka zanukan gadon gida ne, amma gwajin fenti ne ya tona shi: an sami farin fenti na titaniyam a zanen da aka ce na 1914 ne, lokacin da ba a fara sayar da irinsa ba.

5. Mutanen da ke raye

Jikoki, tsofaffin maƙwabta, ɗalibai, 'ya'yan dillali. Ba ta cin kuɗi sosai, kuma ga wanda bai taɓa shiga takardar hukuma ba, wataƙila ita kaɗai ce ta rage. Suna ba da abin da takarda ba ta da shi: laƙabi, sunan gari na asali, akwatin wasiƙu a ƙarƙashin gado. Shekaru ne suke rikice musu, kuma kowane gida yana ƙara wa kakansa gishiri. Nemi izini, naɗi murya, rubuta ranar. Wannan hanya kaɗai ce ba ta jira, domin mai labarin yana iya rasuwa kafin ka gama da intanet.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi | Zurfi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Intanet kyauta | Babu | Sosai | Matsakaici | Sai ka sauke | Kwafe-kwafe, madogarar ƙarya |
| Rumbun biya | Wata-wata | Sosai | Ya dogara da ƙasa | Yana rufewa in ka daina biya | Haɗa mutum da wani |
| Ma'adana | Tafiya ko kuɗin kwafi | Da wuya | Mafi zurfi | Mai ƙarfi | Takardu sun ƙone ko an rufe |
| Ƙwararre | Mafi tsada | Sosai | Mai zurfi | Mai ƙarfi in da rahoto | Ɗan damfara, son rai |
| Masu rai | Kaɗan | Matsakaici | Abin da babu a takarda | Sai an naɗa | Mantuwa da ƙari |

Wa ya dace da wace

In suna kawai gare ka, ba gari ba shekara, tsaya a intanet na kyauta har ka sami waɗannan biyun. Biyan kuɗi a wannan mataki asara ce, domin kowace sauran hanya da su take farawa.

In mutumin ya rayu cikin shekara 80 da suka wuce, fara da masu rai tun yau, intanet ya biyo baya.

In ka san gari da shekaru, kuma ƙasar tana cikin jerin wani rumbun biya, wata ɗaya ya ishe ka.

In ɗalibi ne kai ko marubuci da za ka wallafa, ba makawa sai ma'adana. Fara da wasiƙa, kada ka tafi sai an tabbatar maka da lambar fayil da ranar da za a buɗe maka shi.

In zane ka gada kana son sanin mai shi, ɗauki hoton gaba da baya da sa hannu, ka duba RKD da Getty da kundin Lugt, sannan ka aika wa gidan tarihin da ke da irin aikin. Manyan gidajen gwanjo ma suna duba hoto su ba da ƙiyasi kyauta, sai dai ka tuna so suke ka sayar ta hannunsu.

In kuwa saye za ka yi da kuɗi mai nauyi, ɗauki ƙwararre mai zaman kansa, ka sa a duba kundin kayan sata na Interpol, wanda ke da kaya sama da 50,000 kuma ana iya bincikarsa a waya da manhajar ID-Art, da na Art Loss Register da ke Landan, wanda ake biya a kan kowane bincike. In zanen ya kasance a Turai tsakanin 1933 da 1945, lokacin da gwamnatin Nazi ta Jamus ta riƙa ƙwace kayan mutane, kuma silsilar mallakarsa ta yanke a waɗannan shekaru, a duba kundin Lost Art na Jamus kafin ka biya ko sisi.